Ƙofar da Aka Rantse Babu Ita

Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwar tsibirin nan namu ya san wikion gidan Mwalimu Famau. Ɗaki ne guda da kakanni suka ɗora a kan lungu, ya haɗa benen Famau da benen wata dattijuwa, Bi Somoe, mutane da jakuna suna wucewa ta ƙarƙashinsa. Ɗakin na gidan Famau ne, amma a ƙarshensa akwai 'yar ƙofar katako da ke buɗewa cikin ɗakin kwanan Somoe. Ta ƙofar nan aka riƙa miƙa Famau yana jariri, lokacin da nonon uwarsa ya ƙafe, uwar Somoe ta shayar da shi shekara biyu cur. Shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Dada, kamar yadda kowa ke kiran yayarsa a nan. Ita kuwa ba ta ce masa Mwalimu, wato Malam, sai in tana so ta tsokane shi, ko in ya ɓata mata rai.

Kullum bayan sallar asuba sai ta buga ƙofar sau uku. Nufinta, na kwana lafiya, kai fa? Shi kuma ya buga sau biyu, ya zare sakata. Ta shigo tana jan ƙafa da butar gahawa a hannu, su zauna bakin tagar wikio har rana ta ɗago. Iyayensu mata ne suka faro wannan bugun, su kuma suka gada.

"Gahawar yau ta yi ruwa, Dada."

"To kawo taka mu ɗanɗana. Shekara hamsin kana sha kana kushewa, ko kofi ɗaya ba ka taɓa dafawa ba."

Shekara huɗu ke nan gwiwoyi sun hana Somoe sauka daga benenta, don matakalar gidan a miƙe take kamar tsani. Kifi da kwakwa ta taga take saye, ta zura kwando da igiya ta jawo. Sakatar ƙofar gidanta ma igiya ta ɗaura mata, in an yi sallama ta ja daga sama. 'Yarta ɗaya, Tima, tana aure a Mombasa. In ka cire tagar nan da ƙofar wikio, to babu sauran inda duniya ke shigo mata.

Famau tsohon hedimasta ne. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, gida ya yi masa yawa, rufi yana yoyo, kuma gidan dutsen murjani ba ya jiran fansho. Da ya ga wasu suna saukar da masu yawon buɗe ido kwana biyu kwana uku ta hanyar waya, sai shi ma ya gyara ɗakuna biyu a bene ya sa hotunansu a waya. Somoe ba ta damu ba. Abin dariya ma ta samu.

"Baƙinka na jiya sun shanya gajeren wando a taga, Liman ya wuce yana ta istigfari."

"Ki bar su, Dada, ba su sani ba ne."

"Ni na hana su? Ka dai ce wa macen ta daina ɗaukar hoton kwandona. Kwando ne, ba amarya ba."

Cikin shekara uku rabin lungun ya koma gidajen baƙi. Iyalan da ke haya aka riƙa sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, suka koma bayan gari. Mai kifi ya rage biyowa, don baƙi ba sa girki. Ƙorafi ya yi yawa, sai majalisar gari ta kafa doka: ba a ƙara saukar da baƙon kuɗi ƙasa da kwana talatin a tsohuwar unguwa. Dalilinta kuwa, wai gidajen unguwar a sarƙe suke da juna, ƙofa cikin ƙofa, baƙon ɗaya baƙon kowa ne, ana shigar wa iyalai da mutanen da ba su sani ba.

Kai, ranar da aka manna takardar, sai ka ce an yi rashi. Bwana Shebwana, wanda ya sayar da jiragen ruwansa ya sayi gidaje uku a lungun, shi ya tara masu gidaje suka kafa ƙungiya, suka ɗauko lauya daga Mombasa. Da yamma ya sami Famau a kan dakali.

"Mwalimu, kai muke nema. In ni na shigar da ƙara, za a ce ɗan kasuwa ne. In Bature ne ko ɗan Nairobi, za a ce baƙi ne ke cinye gari. Amma kai fa? Rabin 'yan majalisar nan kai ka koya musu baƙi da wasali. Sunanka za mu sa a gaba."

Nan aka sosa wa Famau inda yake masa ƙaiƙayi. Mutum ne mai kirki, wallahi, ba zan ci zalinsa ba, amma tun da ya bar makaranta babu wanda ya ƙara miƙewa don ya shigo ɗaki, kuma abin yana cin sa. Ya gyara zaman hularsa, ya ce zai duba. Kafin magariba ya gama dubawa.

Lauya Kerubo ta zo ganin gidan ranar Asabar. Yarinya ce mai kaifin baki, ba ta ɓata lokaci. Ta leƙa kowane ɗaki, har ta shiga wikio ta tsaya cak.

"Mzee," ta ce, wato dattijo, "wannan ƙofar ina ta nufa?"

"Gidan Dadana."

Ta cire tabarau. "Mzee, duk hujjar majalisa a kan irin ƙofar nan take tsaye. Mu za mu ce gidanka gida ne mai zaman kansa, ba ruwansa da na kowa. In kotu ta aiko a duba aka ga wannan, an gama da mu, kai da mutum arba'in da ke bayanka. A toshe ta kafin Litinin ta sama."

"A toshe?"

"Da bulo da siminti. A shafe, a yi fenti."

Kwana uku yana shan gahawar Somoe yana ɓoye mata maganar. A rana ta huɗu ya faɗa, idonsa a kan lungu.

"Na ɗan lokaci ne, Dada. In an gama shari'a..."

"In an gama shari'a ƙofa za ta tsiro?"

"Haba, ai ba tafiya zan yi ba. Kullum zan zagayo ta ƙofar gida. Taku nawa ne?"

Ta daɗe tana juya kofi a hannunta. "Mwalimu ke nan," ta ce. "To. Ka gaya wa Fundi Kombo ya yi gininsa ta ɓangarenka, ya bar min katakon a nawa ɓangaren. Na saba da ganinsa."

Haka aka yi. Fundi Kombo magini ya zo da jakinsa da bulo, kafin la'asar ya gama. Yana gini yana girgiza kai, amma bai ƙi aikin ba, don shi ma ɗalibin Mwalimu ne. Mako biyun farko Famau ya cika alkawari. Yakan fita ya bi lungu, ya karya kwana ta bayan masallaci, ya yi sallama, igiya ta ja sakata, ya hau matakalar nan yana haki. Ba daɗi kamar da, amma ana shan gahawa.

Sai ranar kotu ta zo. Ɗakin ya cika maƙil, Famau ya sha farar doguwar riga, kanzu, da kwat, aka miƙo masa Alƙur'ani ya ɗora hannu. Lauyan majalisa, wani siririn yaro mai sanyin murya, ya miƙe.

"Mzee, akwai ƙofa tsakanin gidanka da gidan Bi Somoe?"

"Babu."

"Ba a taɓa yi ba?"

"An yi a zamanin iyayenmu." Haka Lauya Kerubo ta koya masa, kuma ai ba ƙarya ba ne, an yi a zamanin iyayen.

"To mene ne tsakaninka da ita Bi Somoe?"

Famau ya dubi Lauya Kerubo, ya dubi Shebwana, ya dubi mutum arba'in ɗin nan da suka zuba masa ido. Ya san in ya ce yayarsa ce, yaron zai ce ashe gida ɗaya ne. 

"Maƙwabciya ce," ya ce.

Da aka fito Shebwana ya rungume shi, ana ta tafa masa baya. A jirgin ruwan komowa tsibiri Famau ya riƙa gaya wa kansa cewa ai maƙwabciyar ce, wa zai ce ba maƙwabciya ba ce? Ya maimaita har sau nawa, amma abin ya ƙi zama.

Garin nan namu magana ba ta kwana a hanya. Washegari ya sayi alewar halwa mai zafi, ya zagaya, ya yi sallama. Igiya ta ja. Ya hau ya same ta zaune a kan tabarma, ta yafa mayafi har goshi, abin da ba ta taɓa yi a gabansa ba.

"Maraba da maƙwabci," ta ce. "Shigo, maƙwabci. Ya iyali?"

"Dada, ki tsaya in yi miki bayani. Maganar kotu daban take, su lauyoyi..."

"Ai ba sai ka wahala ba. Kai ne mai ilimi."

Ta zuba masa gahawa. Ba a kofinsa mai tsagaggen baki ba, wanda yake sha da shi tun yana saurayi. Ta ɗauko na cikin kabad mai zanen zinariya, wanda ake ajiye wa baƙi. Ya sha da ƙyar. Ta yi masa godiyar halwa, ta ce Allah ya saka da alheri, ta ce ya gaida gida. Ya sauko yana jin kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kuma maimakon kunyar ta maido shi gobe, sai ta hana shi komawa. Abin da ya yi ke nan, kuma babu wanda ya sa shi.

Bayan wata huɗu aka yanke hukunci. Alƙali ya ce majalisa ta wuce gona da iri, ba za a hana mutum amfani da gidansa ba. Sai dai duk gidan da ke da ƙofa zuwa gidan wani iyali, ba shi da lasisin saukar baƙi sai an toshe ta da gini. Aka yi walima a gidan Shebwana, aka yanka awaki biyu. A gari kowa ya koma cewa hukuncin Famau, kuma in ya shigo wuri yanzu ana miƙewa.

Tun da babu mai zama a wikio, sai ya sa masa gado ya mai da shi ɗakin baƙi na uku, shi ya koma ƙasa kusa da madafa. Ɗakin ya fi kowanne kasuwa saboda tagarsa. Ba a jima ba ya fara ganin wani abu a cikin ra'ayoyin da baƙi ke rubutawa a waya bayan sun tafi. Wani ya rubuta cewa ɗakin ya yi kyau, amma kullum da sassafe ana buga bango sau uku. Wata ta ce ta tambayi mai gida, ya ce tsohon gini ne, katako ke motsi. Wani ma ya sa masa suna aljanin asuba, ya ba da taurari biyar.

Shebwana ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mwalimu, kai Allah ya so ka! Mu muna neman talla, kai aljani ke yi maka kyauta."

Famau ya yi yaƙe. Ya san wane ne aljanin. Ta daina kiransa ɗan'uwa, ta ba shi kofin baƙi, amma ba ta daina bugawa ba. Kullum tana tsayawa gaban katakon da babu komai bayansa sai bulo, ta buga uku, ta jira. Shi da ke ƙasa ba ya ji. Kuma ga abin takaicin: maimakon ya tashi ya zagaya, sai ya mai da rubutun baƙin nan hanyar jin lafiyarta. Duk wanda ya tafi, sai ya buɗe waya, in ya ga an ambaci bugu ya ce alhamdulillahi, tana nan. Lafiyar yayarsa yake karantawa da Turanci daga bakin mutanen da ko sunanta ba su sani ba. Ya ce zai je ranar Juma'a. Ya ce bari a yi Maulidi. Ya ce in azumi ya kama, ai dole a yafi juna. Wata bakwai yana wannan.

Wata Laraba da hantsi wasu baƙi biyu, mata da miji, suka sauko da jakunkunansu za su kama jirgi. Matar ta miƙa masa makulli tana dariya.

"Mun ji daɗi ƙwarai, amma aljaninka ya yi mana rowa. Saboda shi muka zaɓi ɗakin. Ranar farko ya buga, jiya da yau kuwa shiru, har ƙararrawa muka sa don kada ya wuce mu."

Makullin ya faɗi ƙasa. Famau bai ɗauka ba, ko takalmi bai sa ba. Ya bi lungu da gudu, tsoho mai shekara kusan saba'in, ya karya kwana ta bayan masallaci. Kwandon yana rataye a taga, babu komai ciki. Ya buga ƙofa, ya yi sallama, ya ƙwala kira. Igiya ba ta motsa ba. Ya waiga ya nemi wanda zai tambaya ko an ji motsinta, amma wa zai tambaya? Gidan dama baƙi, gidan hagu baƙi, wani yana leƙowa daga sama da kyamara. Ƙofar kuwa irin ta da ce, katako mai kaurin taƙi da ƙusoshin tagulla, maza goma ba za su ɓalle ta ba.

Ya samo Fundi Kombo a bakin ruwa, suka dawo da guduma. A cikin wikio Kombo ya ɗaga ta, sai ya tsaya.

"Mwalimu, in na fasa fa lasisinka..."

"Kawo nan!"

Shi ya yi saran farko, da na biyu, har hannunsa ya fashe, sannan Kombo ya karɓa. Bulo ya zube, katakon ya bayyana, suka tura. Tana kwance a ƙasa dab da ƙofar, ƙugunta ya karye, leɓɓanta sun tsattsage don ƙishirwa. Butar gahawa tana gefe a kife. Ya durƙusa ya tallabo kanta.

"Dada! Dada, ni ne, Famau ne."

Ta buɗe ido a hankali, ta dubi ramin da ke bango, ta dube shi. Muryar da ƙyar take fita.

"Ta ina ka shigo? Ai an rantse babu ƙofa a nan."

 Kuka ya yi, irin na yara, a gaban Fundi Kombo. Matakalarta ba ta ɗaukar marar lafiya, don haka ta wikion aka fito da ita a kan katifar baƙi, aka sauko ta benensa, aka kai ta bakin ruwa. A jirgi ya riƙe hannunta, ba ta ƙwace ba, ba ta kuma ƙara magana ba. Tima ta tare su a asibitin Mombasa, ta karɓi uwarta, shi kuma ta gaishe shi gaisuwar da ta fi zagi ciwo. Ya kwana shida a bencin asibitin. Ranar da zai komo ya sunkuya ya ce, "Dada, ki yafe min." Ta ɗan motsa baki, amma har yau bai san me ta ce ba. Bayan kwana goma sha tara ta rasu, can aka binne ta.

Famau bai maido ginin ba. Ya cire gidansa daga waya, ya bar ramin a buɗe, ya maida shimfiɗarsa wikio. Da safe yakan zauna bakin taga, ɗakinta yana kallonsa ta cikin rami, tabarmarta a naɗe. Ya gwada dafa gahawa sau ɗaya, ta yi ruwa, bai sake ba.

Bayan wata biyar Tima ta sayar da gidan. Me za ta yi da shi, ita da ke Mombasa? Shebwana ne ya saya. Wata safiya Famau ya ji motsi, ya leƙa ya ga Fundi Kombo a ɗakin Somoe yana jera bulo, Shebwana na tsaye da takarda a hannu.

"Me za ku yi?"

"Toshewa, Mwalimu. Baƙin farko ƙarshen wata za su zo."

"Ba za a toshe ƙofar nan ba, Shebwana. Uwata ta bi ta nan. Ta nan aka shayar da ni."

"Haba Mwalimu, ni na isa? Ba ni na ce ba, kotu ce." Ya miƙo masa takardar ta cikin ramin. "Duba sama, sunan wa ke nan?"

Ba sai ya sa tabarau ba. Famau Lali da wasu mutum arba'in, da manyan baƙaƙe. Ya miƙa masa takardarsa, ya koma ya zauna.

Kombo ya cire katakon daga maƙalinsa, ya ce, "Mwalimu, ko kana so? In ba haka ba itacen girki za a yi da shi." Ya turo masa shi ta ramin, Famau ya jingina shi da bango. Sai a ranar ya fara ganin ɗaya fuskar da kyau, wadda take ta ɓangarenta. Daidai kafaɗa akwai wani wuri kamar tafin hannu inda fenti ya goge, katakon ya yi santsi ya ɗan loɓa. Hannun uwarta ne da nata, shekara da shekaru.

Ginin ya riƙa hawa, gwiwa, ƙugu, ƙirji, har ɗakin Somoe ya ɓace. Famau ya tashi ya tsaya gaban katakon, ya ɗora yatsunsa a wurin nan mai santsi. Amsa ce da ake binsa tun tuni. Ya buga sau biyu.

Daga bayan sabon bango Fundi Kombo ya ɗaga murya, bai san wane ne ba.

"Babu hanya ta nan! A zagaya."